Ɗinkin Cikin Alhaji

Ko gaisawa ba mu gama ba a filin jirgin Alƙahira, Nura ya miƙo hannu ya ce mu kawo fasfo. Wai sai an kai an buga musu hatimin zama. Ya zura su a aljihun rigarsa, ya kama keken da aka turo Alhaji a kai, na bi su a baya da jakunkuna. Nura shi ne ejan ɗin da ya shirya mana tafiyar. Bahaushe ne da karatu ya kawo shi Masar, karatun ya tsaya, shi kuma ya zauna yana tarbar marasa lafiya daga gida yana kai su asibiti. Wani abokin cinikin Alhaji a kasuwar Jega ya ba da lambarsa. Kafin wannan rana muryarsa kawai muka sani.

Alhaji Garba mijina ne, dillalin albasa a Aliero. Lokacin da aka kai ni gidansa, da kansa yake cira buhu ya ɗora a mota. Daga baya jiki ya zo masa, ya yi ta zuwa bai tsaya ba, har ya jawo ciwon sukari da hawan jini, gwiwoyi kuma suka ƙi ɗaukarsa. Shekara uku a kan kujera yake sallah. Da ya ji labarin wani aiki da ake yi a Masar, a yanke mafi yawan tumbin mutum a ɗinke ɗan abin da ya rage don ci ya ragu, babu wanda ya iya tare shi. Mahaifiyarsa da ke Jiga Makera kuwa, ce mata aka yi gwiwa za a duba.

Ni sunana Rabi, ina koyarwa a wata Islamiyya a Jega. Mahaifina malami ne a Birnin Malam, a gabansa na yi nahawu da lugga tun ina ƙarama. Shi ya sa da ake shawarar wanda zai raka Alhaji, yayansa Hamisu ya ce, "Malama ta tai. Ita ta san Larabci."

Larabcin nawa bai kai ni ƙofar fita ba ya ba ni kunya. Na tambayi wani mai ɗaukar kaya inda mata ke alwala, na jera masa jimla tsaf da wasullanta. Ya dube ni, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Sadaƙallahul azim!" Abokansa suka bushe da dariya. Da ya ba ni amsa, ko kalma ɗaya ban kama ba. Su suna jin nawa kamar ana musu huɗuba. Ni ce ba na jin nasu.

Nura ya sauke mu a wani dogon bene, hawa na shida, ɗaki ɗaya da ɗan wurin girki. Tagar bangon wani benen take kallo. Lif ɗin yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Washegari ina tsaye a bakin matakala ina waya da ɗiyata Asma'u, sai ƙofar da ke fuskantar tamu ta buɗe. Wata tsohuwa baƙa, doguwa, ta naɗe jikinta da lafaya, ta tsaya har na gama.

"Ke ɗiyar wane gari ce?" ta ce da Hausa.

Saura kaɗan wayar ta faɗi daga hannuna. Sunanta Batula. Kakanninta daga ƙasar Gwandu suka taso da ƙafa za su hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakata ce, sai ɗan Larabci da take yayyafawa. Aikin jinya ta yi a can har ta tsufa, yaƙi ya koro su, tana zaune da ɗiyarta da jikoki. Ta tambayi abin da ya kawo mu, na gaya mata. Ta ce, "Allah shi sa a dace. In kin ga abin da ba ki gane ba, ki buga min ƙofa."

Asibitin da Nura ya kai mu ba shi ne na cikin hoton da ya turo ba. Hawa biyu ne a cikin wani bene, ƙasansa shagon takalma. Likitan da ya yi magana da Alhaji a kiran bidiyo, mai furfura, ba mu gan shi ba. Wani ne daban ya zo. Na tambayi Nura, ya ce babban ya yi tafiya, amma wannan ma hannunsa ya fi. Aka kawo takardu. Na fara karanta na Larabcin a hankali, Nura ya dafa takardar.

"Malama, in kika ce sai kin karance wannan, za mu rasa layinmu na yau. Duk abu ɗaya ne, kowa haka yake sa hannu."

Alhaji ya ce, "Rabi, bar shi. Mun riga mun zo." Ya sa hannu.

Aikin bai daɗe ba. Ƙananan huda biyar ne a cikinsa, an manna musu filasta. Kwana biyu aka sallame mu da takarda ɗaya mai jerin abin da zai sha: ruwa kurɓi-kurɓi, romo tatacce, sai bayan mako biyu a fara abu mai kauri. Alhaji ya yi murna. Yana ta lissafin zai riski cirar albasa a gida.

A rana ta huɗu ya ce kafaɗarsa ta hagu tana ciwo. Na shafa masa man zafi. Zuwa la'asar shaƙuwa ta kama shi, ta ƙi tsayawa. Ruwan da yake kurɓa ya fara dawowa. Na kira Nura, ya ce iskar da ake hurawa a ciki lokacin aiki ce, ya dinga zagaya ɗaki za ta fita. Alhaji ya dafa bango ya zagaya sau biyu, ya zauna yana haki kamar wanda ya yi gudu.

Washegari jikinsa ya yi zafi. Na matsa wa Nura sai da ya zo ya mayar da mu asibitin. Wani matashin likita ya latsa cikin, Alhaji ya yi ƙara. Likitan ya ja Nura gefe suna magana da sauri, da irin Larabcin nan da ba na ji. Na kasa kunne iyakar ƙarfina. Kalma biyu na tsinta: tafiya, da gobe. Aka yi wa Alhaji allurar kashe ciwo, aka ba mu ƙwayoyi. Na tari likitan da Larabcina na littafi na ce ya ba ni takardar abin da aka yi wa mijina. Ya ce takarda tana wurin ofis, ofis kuma ya tashi.

A mota Nura ya juyo da fara'a. "Alhaji, albishir. Likita ya ce komai lafiya, iskar gida kawai kake buƙata. Na matso muku da tikiti, gobe da hantsi za ku tashi."

"Ba sai bayan kwana goma ba?" na ce.

"Ai sauƙi ne ya zo da wuri, Malama."

Mutumin da ba ya iya haɗiye ruwa ake ce wa sauƙi ya zo. Muna isa na buga wa Inna Batula ƙofa. Ta shigo ta gaishe da Alhaji, ta nemi izini ta kama wuyan hannunsa tana kallon agogonta. Ta sake ƙirgawa. Ta tambaye shi inda ke ciwo, ta duba idonsa da harshensa, ta tambaye ni yaushe ya yi fitsari. Sannan ta ja ni waje.

"Ɗiyata, zuciyarsa tana bugawa fiye da ɗari da ashirin, ga shi kwance. Kafaɗarsa lafiyarta lau, daga ciki ciwon ke hawowa. Ni ba likita ba ce, amma na ga irin wanga. Ɗinkin tumbin ya buɗe, abin da ya sha yana zuba cikin ciki. Masu asibitin ma sun sani, shi ya sa suke son ku bar musu ƙasa."

Na ce, "In mun isa gida fa? Akwai likitoci a Sakkwato."

"Awa nawa a sama? Awa nawa a mota daga inda za ku sauka? Ba shi da wannan lokacin." Ta yagi takarda ta rubuta sunan wani babban asibitin koyarwa. "Nan za ki kai shi. Yanzu, in ya yarda."

Bai yarda ba. Allurar ta kwantar da ciwon, ya ga kamar ya samu sauƙi. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duk abin da ta ce. Ya ce likita ya yi magana, tsohuwa ta yi magana, wa za a bi? Ya kira Yaya Hamisu ya sa wayar a amsa-kuwwa.

"Malama," in ji Yaya Hamisu, "ki maido muna da ɗan'uwanmu. In sauƙi ne, shi samu a gida. In kuma wa'adi ne, shi cika cikin danginai, mu yi mashi sutura da hannunmu. Kada ki bari a binne muna shi inda ba mu san kabari ba. Kin jiya?"

Na ce na ji.

Da safe Nura ya zo da tasi. Lif ya yi aiki, Allah ya taimaka. Ya miƙo min fasfo da tikiti a bakin mota, ya ce shi ba zai raka mu ba, yana da wasu baƙi, ya riga ya sallami direba. Inna Batula tana tsaye a ƙofar bene. Ta dube ni, ta dubi jakata inda ta ga na sa takardarta.

Direban dattijo ne mai farin gashin baki. Muka shiga cunkoso, motoci ko'ina, kowa yana danna oda. Alhaji yana gefena ya jingina kai da gilashi. Zufa ta jiƙa masa riga, amma hannunsa sanyi ƙalau. Leɓensa ya yi fari. Na sa yatsa a wuyan hannunsa yadda na ga Inna Batula ta yi. Ban iya ƙirgawa ba, abin gudu kawai yake. Sai ya yunƙura ya yi amai a cikin ledar da na riƙe, wani ruwa kaɗan mai wari. Ya ce, "Rabi, hazo ne a waje ko idona ne?" Rana ta fito tar, babu hazo ko kaɗan.

Shekara ashirin da biyu ban taɓa tsallake maganarsa ba. Haka aka rene ni, haka kuma nake karantar da 'yan mata a aji. Na ga allon da ke nuna hanyar filin jirgi yana matsowa. Na ciro takardar na miƙa wa direba ta kan kafaɗarsa, na ce masa da Larabcin da aka yi min dariya a kansa, "Ya baffana, juya zuwa wannan asibitin. Mijina yana mutuwa."

Ya ce wani abu mai sunan filin jirgi a ciki, yana nuna gaba. Na maimaita, da ƙarfi.

Alhaji ya buɗe ido. "Mi kike ce mashi?"

"Na ce ya kai mu asibiti, Alhaji."

"Gida za mu tai."

"Ba za ka kai gida ba."

"Rabi." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Ni ne mijinki. Ban lamunta ba. In kin kai ni, ban yafe maki ba."

Na san nauyin wannan kalmar fiye da yadda shi ya sani, ni ce mai koyar da ita. Na ce, "Na ji, Alhaji. Ka rayu, ka ƙi yafe min."

Direban bai ji Hausa ba. Ya dube mu ta madubi, ya daɗe yana kallon fuskar Alhaji. Sai ya fiddo hannu ta taga, ya daka wa motocin gefe tsawa, ya karya kan mota ya haye wata gada. Da muka isa shi ya ruga ya kawo gadon turawa. Na nemi in ba shi wani abu, ya dafa ƙirjinsa ya girgiza kai ya tafi. Ko sunansa ban tambaya ba.

A ɗakin gaggawa wata likita ce ta karɓe mu, mace gajeruwa mai tabarau, sunanta Hiba. Da ta ji yadda nake magana ba ta yi dariya ba. Ta sauya harshe ta koma Larabcin makaranta, tana yi a hankali don in gane. Aka ba Alhaji wani ruwa ya kurɓa, aka shigar da shi na'urar hoton ciki. Ta kira ni ta nuna min a allo: wani ɗan farin zare yana fita daga saman tumbi inda bai kamata ba, ƙarƙashinsa kuma mugunya ta taru. Ta ce yanzu za a shiga a wanke, a sa robar da za ta dinga tsane ruwan. Alhaji a lokacin ya fara sambatu, yana kiran sunayen masu lodin albasa. Ta miƙo min takarda da biro.

"Akwai namiji daga danginsa a nan?"

"Babu. Ni kaɗai ce."

"To ke ce danginsa. Karanta, ina jiranki."

Na karanta har ƙarshe, har layin da ya ce mai yiwuwa ne ya mutu a kan gadon aiki. Na sa hannu.

Suna ciki na kira Yaya Hamisu. Ya fashe da faɗa. Ya ce wa ya ba ni izini, ya ce ga mota an tanada za ta tarbo mu, ya ce in wani abu ya faru ni zan tsaya gaban Inna, mahaifiyarsu, in yi bayani. Na ce na yarda. Ya kashe wayar. Na kira Nura, wayarsa a rufe. Ban sake jin muryarsa ba har yau.

Alhaji ya fito da rai. Kwana biyar yana ɗakin masu tsananin ciwo, ta gilashi nake ganinsa. Likita Hiba ta ce tana buƙatar rahoton aikin farko don ta san yadda aka yanka. Ni da Inna Batula muka koma benen nan mai shagon takalma. Matar da ke kan tebur ta ce mu dawo gobe. Muka dawo, ta ce mai makulli ba ya nan. Inna Batula ta dubi kujerun da ke cike da masu jiran a yi musu irin aikin, wasu da ganinsu baƙi ne kamarmu. Ta shimfiɗa gefen lafayarta a tsakiyar falon ta zauna a ƙasa, ta jawo ni na zauna. Ta fara ba da labarin Alhaji da babbar murya, da irin Larabcinsu, ba ta zagi kowa ba. Wata mata ta tashi ta kama hannun mijinta suka fita. Kafin ta biyu ta tashi, rahoton ya fito daga ofishin da aka ce a kulle yake.

Da aka mayar da Alhaji ɗakin jinya aka zura masa wani bututu mai raga ta baki har cikin tumbi, ya rufe wurin da ke yoyo don ya samu ya warke. Aka sa wata siririyar roba ta hanci da ta wuce tumbin ta shiga hanji, ta nan ake ɗura masa abinci kamar madara. Ta baki kuwa ko ɗigon ruwa babu. Bututun ya wahalar da shi fiye da yankan. Kullum yunƙurin amai, ƙwannafi yana ƙona masa maƙogwaro, yawu yana taruwa sai ya tofar a kwano. A zaune yake wuni, a jingine yake kwana. Ni ke jiƙa auduga ina goga masa a leɓe, ni ke zubar da abin da robar ciki ta tsano in gaya wa nas launinsa.

Kwana tara bai yi min magana ba. In na shigo sai ya juya fuska bango. Yana bari in goge shi, in gyara masa matashi, amma in yana son wani abu sai ya nuna wa nas da hannu. Wata mata daga ƙauyukan kudancin Masar, mai jinyar ɗanta a gadon kusa, ta lura. Kullum da azahar sai ta ja ni baranda, nesa da hancin Alhaji, ta gutsura min gurasa da wani cuku mai gishiri, ta tsaya sai na cinye. Ba ma jin juna sosai. Takan dafa kafaɗata ta nuna Alhaji da haɓa, ta murguɗa baki, sai mu yi dariya.

Wata rana na fita sayen sabulu na bi ta gaban mai kayan miya. Ya tara jar albasa a kwando. Na ɗauki ɗaya na kai hanci, sai ga tsakar gidanmu, ga ƙarar motocin lodi, ga Asma'u tana faɗa da ƙannenta a kan tsintsiya. Na tsaya a titi ina hawaye da albasa a hannu. Mai kayan ya ce in tafi da ita.

A rana ta goma ina ninke zane na ji ya ce, "Wa ka kula da rumbunan?" Na ce Yaya Hamisu ya sa an cire albasar an adana. Ya gyaɗa kai. Daga nan magana ta dawo, amma ta yara ce da ta gona. Abin da ya faɗa a cikin mota bai ɗauko ba, ni ma ban ɗauko ba. Yana nan a ƙirjina duk sallar da na yi.

Bizarmu ta ƙare muna asibiti. Na wuni biyu a layin ofishin baƙi da wasiƙar Likita Hiba kafin a ƙara mana. Bayan mako shida aka cire bututun, aka sake hoto, farin zaren nan bai fito ba. Aka ba shi ruwa a murfin kwalba. Ya riƙe a baki ya daɗe kafin ya haɗiye, ya rufe ido. Na zaci mun gama. Sai ga shi da aka fara kunu, duk abin da ya sha yana dawowa. Wurin da ya warke ya tsuke. Sau biyu ana zura masa roba mai balan-balan a ka ana buɗa wurin. Tafin ƙafarsa ya fara mutuwa saboda daɗewar amai, aka bi shi da alluran bitamin. Sai da muka cika wata uku da 'yan kwanaki kafin Likita Hiba ta ce za mu iya hawa jirgi.

Ta zaunar da mu ta yi bayani, ni ina fassarawa. Zai ci kaɗan-kaɗan sau shida a wuni. Ba zai haɗa ci da sha ba. Ba zai kwanta bayan ci ba. Ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa. Ta ce aikin ba mugu ba ne, mutane da yawa sun amfana, kuma yoyo yana iya faruwa a hannun kowane likita. Abin da ba za ta iya wanke masu asibitin farko a kai ba shi ne ganin alama da suka yi suka tura shi jirgi. Har yau haka Alhaji yake. Sukarin ya sauka, yana tafiya masallaci da ƙafarsa, amma a faranti na shayi yake cin abinci, kuma in ya yi gaggawar loma ɗaya sai ya tashi ya fita bayan ɗaki.

Inna Batula ta rako mu har bakin mota. Ta ce in gaishe mata da ƙasar, ko wa na fara gani.

Mun kwana ɗaya a Aliero, washegari Yaya Hamisu ya kai mu Jiga Makera. Tun da ya tarbe mu gaisuwa kawai ke tsakanina da shi. Inna tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Idonta ya yi rauni, sai abu ya matso take gani. Alhaji ya yi sallama ya durƙusa a gabanta, rigarsa tana lilo a jikinsa kamar ta aro. Ta amsa sallamar kamar ta baƙo. Sai da ya ce, "Inna, ni ne Garba," sannan ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa, ta gangaro wuya, ta kama damtsensa inda fata ta saki. Ta daɗe tana riƙe da shi.

Ta sa aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, wanda ta sa aka tuƙa tun safe saboda shi. Ya gutsuri ɗan kaɗan ya tauna ya tauna. Ya ƙara na biyu. Ya janye hannu ya ce alhamdu lillahi.

Inna ta laluba akushin ta ji tuwon yana nan yadda yake. Ta juyo inda nake zaune.

"Rabi, gwiwa anka ce min za a duba. Na ba ki ɗana cikakke. Ina kika kai sauran?"

Yaya Hamisu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

"Inna," in ji Alhaji, "ni na kai kaina, kuma ni na ce a ɓoye maki. Wanga ɗan guntun da kika taɓa, ita ta kawo maki shi. Na hana ta, na yi mata mugun baki a cikin mota, ta ƙi ji. Da ta bi maganata, da ko shi ba ki samu ba." Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. "Abin da na ce maki rannan, Rabi, na janye. Ke za ki yafe."

Kaji suna tono a gindin rumbu. Inna ta sake laluba akushin, ta tura shi a hankali a kan tabarma har ya taɓa gwiwata.

"To ke ci," ta ce. "Ke ma na ji muryarki ta rame."